Tsintsiyar Bayan Ƙofa

Tun kafin jirginmu ya gama shiga ruwan Cartagena, Rigoberto ya canza riga sau biyu. Na tarar da shi a barandar ma'aikata cikin wata fara mai aljihu huɗu, ta sha guga har tana ɗaukar ido, hannunsa bai rabu da aljihun da akwatin zoben yake ba.

"Kina ganin wannan za ta yi wa Mami, ko in koma in sa shuɗiyar?"

"Rigo, Mami ta gama sonka tun a waya. Ko buhu ka rataya cewa za ta yi ya karɓe ka."

Rigoberto shi ne shugaban masu kai abinci a babban ɗakin cin abincin jirgin. Mutumin Honduras ne, matarsa ta rasu tuntuni. Ni kuwa ɗakunan fasinjoji nake gyarawa. Mutumin kirki ne, wannan ko mai ƙinsa ba zai musa ba. Yau zai nemi aurena a wurin Mami, mahaifiyata, in wa'adin aikinmu ya cika mu koma garinsu, La Ceiba, inda ya gina gida. Na ce masa to, da bakina, ba wanda ya tilasta ni.

Amma da na hango ganuwar garinmu tana fitowa daga cikin ruwa, sai na manta da shi da rigarsa.

Shekara goma da ɗoriya rabon da in taka garin nan. Kamfani ya yi ta yawo da ni a tekunan ƙasashen sanyi. In an ba ni hutu sai in sauka Panama wurin wata ƙawata, in sa Mami ta zo mu gana a can. Nakan ce mata aiki ne ya hana ni ƙarasowa, ita ma takan yi kamar ta yarda. Bana kuwa sai jirgin da kansa ya ɗauko ni ya kawo ni gida.

Yini guda ne kacal. A sauka da hantsi, kowa ya dawo kafin ƙarfe biyar. Fasinja in ya makara sai ya nemi jirgin sama ya bi mu. Ma'aikaci in ya makara, fasfo ɗinsa ake ajiye masa a ofishin tasha, aikinsa ya ƙare ke nan.

*

Tasi ta sauke mu a dandalin cocin Trinidad, muka taka zuwa lungunmu da ƙafa.

Na yi ta waige-waige kamar wadda ta yar da kuɗi. Gidan su ƙawata Ledys ya zama otal. Shagon mai gyaran takalma yanzu kofi ake sayarwa a ciki, da kujeru masu dogayen ƙafafu. Tsofaffin da ke buga domino a bakin lungu, waɗanda ihunsu ke hana mu barcin rana, saura biyu, su ma a hankali suke ajiye ƙwaya. An rataya laimomi masu launi a saman lungun, fasinjojin jirginmu sun cika ƙasansu suna ta ɗaukar hoto a daidai inda muke tsallen igiya muna yara.

Wata mai tallar 'ya'yan itace ta sha gabana da kwano a ka, tana yi mini 'yan kalmomin Turancinta, wai in zo mu yi hoto. Na gane ta nan take. Ita ce ke zama a ƙofar makarantarmu.

"Emelina, ni ce fa. Marelvis, 'yar Niña Eneida."

Ta sauke kwanon, ta ƙare mini kallo, sannan ta kama katin jirgin da ke rataye a wuyana ta jijjiga.

"Yo ke kuwa 'yar nan, ai wannan abin ne ya rufe mini ido. Duk wanda ya ratayo shi baƙo ne a wurinmu. Kin yi fari, kin rame, me suke ba ku a can?"

Ta yanka mini ɗanyen mangwaro, ta barbaɗa gishiri, ta matsa lemun tsami, ta ƙi karɓar ko sisi. Na ci ina dariya, amma maganarta ta tsaya mini a rai.

Mami tana tsaye a bakin ƙofa, ta dafa sanda. Ba wanda ya taɓa gaya mini maganar sanda. A waya fuska kawai nake gani, fuska kuwa in ta sha hoda tana ɓoye abubuwa da yawa.

"Sa mini albarka, Mami."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Na faɗa jikinta. Ƙamshinta bai canza ba, sabulun wanki da hayaƙin kwakwa. Ta yi ta shafa bayana.

Sai ga Tía Nayibe ta fito daga kicin tana goge hannu. Ƙanwar Mami ce. Ba ta taɓa aure ba, amma ba a taɓa yin wani aure a danginmu da ba ta tsoma baki a ciki ba.

"Wannan ne? Kai, waya ta cuce ka, ashe haka kake da tsayi. Marelvis, matsa ki ba mutum hanya, kin tsaya kamar an dasa ki."

Kafin Rigoberto ya gama miƙa tsarabarsa, Tía ta jawo kujerar lilon Papi, mahaifina, zuwa tsakiyar falo, ta kaɗe ta da gefen zaninta.

"Zauna nan, Don Rigoberto."

A lungunmu saurayi ba ya tambayar matsayinsa a gidan su budurwa, abin da aka ba shi ya zauna a kai shi ke gaya masa. Wanda aka jawo wa kujerar lilo ya fara neman telan da zai ɗinka masa kayan biki. Wanda aka tura wa 'yar tsugunno ya ci gaba da addu'a. Wanda kuwa ba a son ganinsa sam, sai a lallaɓa a juya tsintsiya mai sanda, kanta a sama, a jingine ta a bayan ƙofa da ɗan gishiri. Kowa ya san baƙon ba zai daɗe ba. Kujerar Papi kuwa, tun ranar da aka fita da gawarsa ban ga kowa a kanta ba.

Wilfrido, saurayina na da, bai taɓa wuce 'yar tsugunno ba.

Alhamis da Lahadi yake zuwa zance, da yamma, hannayensa duk yankan zare, don sana'ar gidansu ke nan, saƙar kujeru da gyaransu. Yakan zauna gwiwoyinsa kusan a haɓarsa, yana ba ni labarin abokan cinikinsa har in riƙe ciki don dariya. Mami tana gefe ta sha mur. Cewa take 'yar malamin makaranta ba za ta auri mai yawo da kujera a ka yana ƙwala kira a titi ba.

Ranar da ya zo da kawunsa neman aurena, Mami ba ta ko ɓoye ba. A gabansu ta ɗauki tsintsiya, ta juya ta, ta jingine. Kawun ya ɗauki hularsa. Wilfrido ya kalle ni sau ɗaya ya bi bayansa. Washegari da sassafe aka tura ni Barranquilla wurin dangi, wai in huce. Da na tambaya ko ya dawo, Tía ta ce ko ƙeyarsa ba a gani ba. Daga can na nemi aikin jirgi, ina fushi da kowa.

Rigoberto ya zauna yana lilo, yana yaba kujerar. Na tsaya a gefensa na dafa hannunta na hagu. Saƙar sabuwa ce fil. Yatsuna suka zame ƙasa da kansu, suka taɓa wani ɗan ƙulli da aka ɓoye a can. Na leƙa. Koren zare ne.

Mutum ɗaya na sani a duniya da ke rufe saƙarsa haka.

*

Na ce zan sha ruwa, na wuce kicin, na fita tsakar gida.

Yana zaune a gindin tsamiyar nan tamu, ya kifa wata kujera a kan cinyarsa, zare a bakinsa. Furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Ya sa tabarau mai igiya. Da ya ɗago ya gan ni, sai ya cire zaren a hankali ya ajiye.

"Mare."

Ba wanda ke kirana haka sai shi. Na jingina da randar ruwa.

"Me kake yi a gidan nan, Wilfrido?"

"Aiki."

"Yau?"

"Tía Nayibe ta aiko cewa kada in zo wannan Alhamis ɗin, kuna da baƙi. Na ce to. Jiya da yamma sai Niña Eneida ta aiko ita ma, wai kujerarta ta fashe, lallai sai yau." Ya juyo kujerar ya nuna mini. "Na daɗe a sana'ar nan, ban taɓa ganin zare ya tsinke da kansa a miƙe haka ba. Wannan wuƙar kicin ce."

"Wannan Alhamis ɗin? Kullum kake zuwa ke nan?"

"Tun da ta faɗi a banɗaki. Ina wucewa na ji Tía tana ihu, na ɗauke ta zuwa asibiti. Daga nan sai ya zama in ba famfo ba to taga, in ba taga ba to rufi. In na gama ta ce in ci abinci."

"Mami? Wadda ta juya maka tsintsiya a gaban kawunka?"

"Mutum yana tsufa, Mare."

Na yi niyyar in juya in koma ciki. Allah ya sani na yi niyya. Amma tambayar da na yi ta ɗauka daga teku zuwa teku ta riga ni fitowa.

"Me ya sa ba ka dawo ba?"

Ya cire tabarau ɗin.

"Wa ya ce miki ban dawo ba?"

"Kallo ɗaya ka yi mini ka fita. Ko kalma ba ka ce ba. Na yi ta jira a ce ka zo ka tayar da rigima, ka fasa ƙofa, ka yi wani abu dai. Shiru kake ji."

"Ranar Lahadi na dawo. Na tsaya a bakin shagon mai takalma, daga nan ana hango bayan ƙofarku ta taga. Tsintsiyar tana nan a tsaye, kai a sama. Alhamis ma haka. Na ce Mare tana cikin gidan nan, miƙa hannu kawai za ta yi ta sauke ta. Ranar da ta sauke, ko za a kashe ni sai na shiga."

"Ba na gidan."

"Wata guda ina zuwa."

"Ba na gidan, Wilfrido. Tun washegari suka kai ni Barranquilla. Cewa aka yi ko leƙowa ba ka yi ba."

Ya zuba mini ido.

"Ni kuwa na ɗauka kina ciki kina kallona ta labule," in ji shi.

Hawayen da na hana kaina a bakin ƙofa suka ɓalle. Na toshe baki da hannu don kada a ji a falo. Ban san wanda nake yi wa kukan ba, ko shi da ke tsaye a rana wata guda, ko ni da nake zaginsa a raina duk shekarun nan.

"Da ka tambaya mana. Da ka aiko Ledys."

"Na aiko ta. Tía ta ce mata kin ce a gaya mini in haƙura."

"Kuma ka yarda."

"Yaro ne ni, an ci mini mutunci a gaban kawuna. Abin da aka gaya mini ya yi daidai da abin da idona ke gani, me zai hana in yarda?"

"Ka yi aure?"

"Na zauna da wata a Turbaco na ɗan lokaci. Ba mu daidaita ba. Ta ce jikina ne kawai a gidan." Ya mayar da tabarau ɗinsa, ya ɗauki zaren. "Mutumin naki na gan shi ta ƙofa. Da gani yana da kirki. Share fuskarki ki koma, kada ki bar shi shi kaɗai da Tía."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"To me zan ce? Yini ɗaya aka ba ki aro. Anjima jirgi zai yi kuka ki tafi. In na faɗi abin da ke raina, ke ki tafi da shi, ni in zauna da shi, wa ya ci riba?"

Takun silifa ya katse mu. Tía Nayibe ce, da ludayi a hannu. Ta kalli idanuna, ta kalle shi, fuskarta ta yi kicin-kicin.

"Mai kujeru, ba ka gama ba har yanzu? Na ce maka yau muna da baƙi."

"Saura kaɗan, Niña Nayibe."

"Ke kuma wuce, abinci yana hucewa. Ki wanke fuska, ki ce albasa ce."

*

Shinkafa da kwakwa aka yi, da soyayyen kifi, da soyayyar ayaba, da ruwan tsamiya mai sanyi. Abincin da nake mafarkinsa a jirgi ga shi a gabana, amma ko rabi ban ci ba.

Rigoberto kuwa ya kasa zama a yi masa hidima. Da ya ga kofi ya yi ƙasa sai ya miƙe ya cika, da cokali ya faɗi ya riga kowa sunkuyawa. Tía tana ta hana shi tana dariya, tana harara ta wai in ga irin mijin da Allah ya ba ni. Mami ta zuba wani kwano daban, ta rufe, ta ajiye a gefe. Ba wanda ya tambaye ta na wane ne.

Da aka koma falo shan kofi, Rigoberto ya gyara rigarsa ya miƙe tsaye.

"Doña Eneida, ni ba yaro ba ne, ban kuma iya dogon zance ba. Na san 'yarki a wurin aiki, inda halin mutum ba ya ɓuya. Ina sonta. Ina da gida, ina da abin da zan riƙe ta da shi. Na zo ki ba ni ita."

Ya fito da akwatin ya buɗe. Tía ta dafe ƙirji tana ambaton Budurwa Maryamu.

Mami tana ta juya cokali a kofi. A waya ita ce mai cewa in yi maza kada wata ta riga ni. Yanzu ga shi a gabanta, ta rasa bakin magana.

"Eneida, ana yi miki magana," in ji Tía.

"Na ji. Ranar nan ce ta shigo tana dukan idona."

Rigoberto, da ya saba biyan buƙata tun kafin a gama faɗinta, ya taka ya kama ƙofar titi ya turo ta. Ƙofar ta bar bango. Sai ga tsintsiya nan a jingine, kanta a sama, da ɗan gishiri a ƙasa.

Rigoberto ya daɗe yana kallonta, sannan ya rufe akwatin zoben.

"A garinmu ma mun san wannan," in ji shi a hankali. "Kakata tana yi wa masu wa'azin gida-gida. Da an gaya mini da baki, Doña Eneida, da na fahimta."

"Wayyo, ba kai ba!" Tía ta zabura har kofinta ya zube. "Na rantse ba kai ba, Don Rigoberto. Wancan mai kujerun na kafa wa, da ya zo ya zauna mana a tsakar gida ya ƙi tafiya. Tsohon zance ne, na yarinta, an gama shi tuntuni."

Rigoberto ya juyo ya kalle ni. Idanuna ba su gama washewa ba, shi kuwa ya san albasa, ya san abin da ba albasa ba.

Ban taɓa jin muryar Mami kamar yadda ta fito a lokacin ba. Ba ta ɗaga ta ba, rawa kawai take yi.

"Nayibe, ke kika kafa wannan a gidana?"

"To ai don..."

"Tsintsiya tana da ido ne? Ta san sunan wani? Baƙo kawai ta sani. Wancan karon Wilfrido na kafa wa ita, sai ta share mini 'ya ta kai ta teku. Tun daga ranar ba a sake juya tsintsiya a gidan nan ba, kin sani."

"Eneida, a gaban mutane."

"Yaron nan ya san inda nake ajiye maganina. Yana da cokalinsa a kicin. Shi ne baƙo? Ki duba da kyau. Baƙin gidan nan yau su biyu ne, kuma duk daga jirgi suka sauko."

Kamar jira ake ta rufe baki, sai kukan jirgin ya taso daga tasha, dogo, mai kauri, na kiran waɗanda ke cikin gari. Tagogi suka ɗan yi rawa.

Mami ta yunƙura za ta tashi. Sandar ta zame ta faɗi. Ta miƙa hannu wajen ƙofar, hawaye yana bin hodar fuskarta.

"A sauke mini ita. Don Allah wani ya sauke ta, za ta sake tafiya da 'yata."

Na taka na ɗauki tsintsiyar. Sandarta ta yi santsi a daidai inda hannun Mami ke kamawa. Na juya ta, na dire kanta a ƙasa.

Ban kuma iya sakinta ba.

*

A bakin ƙofa muka tsaya ni da Rigoberto, fasinjoji suna wuce mu da sauri, da huluna da jakunkunan tsaraba.

"Mu tafi, Marelvis. Sai mu yi magana a jirgi."

Na girgiza kai.

"Kin san in kika makara ba gyara."

"Na sani."

"Shi ya yi miki alkawarin wani abu?"

"Ko kalma. Cewa ma ya yi in koma wurinka."

"To a kan me za ki zubar da aikin shekara goma?" Muryarsa ta karye. "Gida na gina. Na sa an buɗe taga ta wajen teku, don kin taɓa cewa ba kya iya barci in ba kya jin ruwa."

"Rigo, ranar da na ce maka to, ban yi maka ƙarya ba. Ba ka taɓa ɓata mini ba, ko sau ɗaya. Amma na gaji. Kullum ina shimfiɗa gadon baƙi, ni ma ina kwana a gadon da ba nawa ba. In na bi ka, a gidanka ma baƙuwa zan zama, kana yi mini hidima ina cewa na gode. Ba ka cancanci haka ba."

"Da na jure."

"Na san za ka jure. Shi ya sa."

Ya goge idonsa da farin hankicin da ya goge da kansa da safe. Na cire katin daga wuyana na miƙa masa. Ya daɗe bai karɓa ba.

"Kayanki fa?"

"Ka ce wa Luzdary ta haɗa mini, ɗakinmu ɗaya, a bar su a ofishin tasha tare da fasfo."

Ya karɓa. Ya leƙa ciki ya yi wa Mami sallama da ladabi, kamar ba abin da ya faru, ya bi ayarin fasinjojin. Na bi farar rigarsa da kallo har ta shige ƙarƙashin laimomin nan ta ɓace. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji kunyarsa.

Sannan na ruga tsakar gida, da tsintsiyar a hannuna.

Ba kowa a gindin tsamiya. Kujerar tana kife, saƙar ba a gama ba. Jakar kayan aikinsa ba ta nan. Ƙaramar ƙofar da ke fita ɗaya lungun tana buɗe.

"Kin gani ko?" in ji Tía daga bayana, tana kuka tana faɗa. "Da ya ji hayaniya ya tsere, kamar wancan karon. Kin saki mai gida da zobe kin kama iska. Ki ruga, wallahi in kika samu tasi yanzu za ki cim ma jirgin."

Na koma bakin ƙofar titi, don ban san inda zan sa kaina ba. Hannuna ya saba da aiki in raina ya ɓaci, sai na fara shara. Na share gishirin, na share dandamali, na share har inda ba datti. Mami tana zaune a ciki tana kallona.

Rana ta yi sanyi. Lungun ya koma na masu shi, ba ka jin komai sai ƙarar domino da rediyon wani gida. Daga nesa jirgin ya yi kukansa na ƙarshe, na cire igiya. Duk shekarun nan daga ciki nake jinsa. Ashe haka yake da ban tausayi in kana tsaye a ƙasa.

Na ɗago kai in share hawaye, sai na hango mutum ya shigo lungun.

Ya yi wanka, gashinsa bai ko bushe ba. Ya sa riga mai dogon hannu, ya ɓalle maɓallanta har wuya. Ba jaka, ba zare. Da ya zo daidai tsohon shagon mai takalma sai ya ɗan tsaya, ya dubi tagarmu, sannan ya ƙaraso.

Ya kalli bayan ƙofa. Ya kalli abin da ke hannuna.

"Wa ya sauke ta?"

"Ni."

Ya gyaɗa kai. Bai taɓa ni ba. Ya tsaya a kan dandamali ya gyara murya, kamar bai taɓa shiga gidan ba.

"Barkanku da yamma. Niña Eneida, yau Alhamis ce. Na zo wurin Marelvis, in an ba ni izini."

Tía Nayibe ta ja tsaki. Ta sa ƙafa ta turo 'yar tsugunnon nan daga ƙarƙashin tebur, ita ce dai ta da, har ta zo ta tsaya a gabansa. Wilfrido ya sunkuya zai zauna.

Mami ta miƙa sandarta ta ture 'yar tsugunnon gefe. Sannan ta ƙwanƙwasa hannun kujerar Papi.

"Nan," in ji ta. "Kai ka saƙa ta, ba ka taɓa jin yadda take ba."